Shekarar da Na Turke Murzuna

Ku ƴaƴana da jikokina, na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona a garin nan, kuma na ji cewa biyu daga cikinku sun taɓa yin dambe a kansa a bakin rijiya. Mai Turkar Tsutsa. Ba zan ce ƙarya aka yi mini ba, don na turke tsutsa, kwana goma sha ɗaya cur. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa hankalina ne ya taɓu a daminar nan. Da hankalina na yi, kuma da kyakkyawar niyya. Zan faɗa muku yadda aka yi, inda na manta kuwa zan ce na manta, don ba na son in tashi gobe ƙiyama da kalma ɗaya ta ƙari a wuyana.

A lokacin ni ne birgadiyen garinmu, wato mutumin da ma'aikatan noma na Tanut suka danƙa wa famfon feshi da maganin ƙwari da wani kaye, wato littafi, na rubuta abin da ya faɗa wa gonaki. Sun zaɓe ni ne saboda na yi shekara shida a lakwal, makarantar boko, kuma saboda kowa ya san ba na iya barci in ban koma na taɓa kwaɗon ɗakin magani sau uku ba. Babbar abokiyar gabata ita ce murzuna, tsutsar nan da ke shiga zangarniyar hatsi tana zagaya ta tana ci, ta bar mata tabo kamar an naɗa mata igiya. Uwarta wata ƴar malam-buɗe-littafi ce mai launin ƙasa, irin masu zuwa wurin fitila. Sau ɗaya take zuwa a shekara, lokacin da hatsi ya fid da kai. Shekara goma sha huɗu ina yaƙi da ita, ban taɓa tsammanin wata rana zan yi mata shimfiɗa ba.

Rakiya, ɗiyata ta uku, tana jami'a a Damagaram a lokacin, a shekararta ta ƙarshe. Ta zo hutu ana gab da shuka. Wata rana bayan la'asar muna zaune a gindin aduwar tsakar gida, uwarku tana tsince wake, na tambaye ta abin da take karantawa, don mutane suna tambayata a masallaci ni kuma ba na son in ba da amsar da ban tabbatar ba. Ta ce tana binciken kromozom na murzuna. Na sa ta rubuta mini kalmar a bayan kayena. Sannan ta bayyana mini cewa jikin kowane mai rai an gina shi da wasu ƴan ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma cikin kowane ɗaki akwai ƴan zarurruka masu ɗauke da gadon kama, abin da ya sa ɗan akuya ke fitowa akuya, ita kuma ta fito da hancina. Zarurrukan su ne kromozom. In ɗaki zai rabu biyu, kowane zare sai ya zama tagwaye, a ja ɗaya gabas a ja ɗaya yamma, don kowane sabon ɗaki ya samu rabonsa.

"To wa ke jan?" in ji ni.

"Wasu igiyoyi ne a cikin ɗakin, Baba. Namu da na awaki da na raƙuma, kowane zare yana da wuri guda kamar ƙugu, nan igiya ke kamawa, kamar yadda ake ɗaura wa guga igiya a wuri ɗaya. Sunan wurin santromer. Amma na malam-buɗe-littafi da danginsa ba su da ƙugun nan. Tun daga kai har wutsiya ake kama su, kamar ranar ɗaukar jinka, kowa ya sa hannu inda yake tsaye."

"In zare ya tsinke fa?"

"Nasu in ya tsinke, kowane guntu yana da wurin kamawa, sai a tafi da shi. Namu kuwa guntun da ba shi da ƙugu sai a bar shi a baya."

"A bar shi a baya? A cikin jikin mutum?"

Ta yi dariya ta ce kada in damu. Amma ku kun san ni. Kwana huɗu ban ɗaga buhu ba, ban sunkuya da sauri ba, ko atishawa ta zo sai in dafe ƙirji in sake ta a hankali. A rana ta biyar uwarku ta ajiye mini bokitin ruwa a gabana.

"Malam, shekara hamsin da wani abu kana ɗaukar dami ba su tsinke ba, sai yanzu da ka san da su? Ɗauki ka kai wa tumaki."

Kafin Rakiya ta koma ta faɗa mini buƙatarta. Malaminta ya sa ta gwada murzunar kudu da ta yankinmu na Damargu, ta ga ko zarurrukansu ɗaya ne. Ta kudu za ta samu kusa da ita. Ta Damargu kuwa ba za ta iya barin ɗakin bincike ta zo nema ba, don na kudun za su lalace a bayanta. Tana son tsutsotsi masu rai, waɗanda suka fara girma amma suna kan ci, domin a cikin mazansu a wannan lokacin ne ake kama zarurrukan suna rabuwa. Ta ce in tsinto kamar hamsin, in zuba su a wani abu da zangarniya, in ba motar kasuwa mai tashi ranar Asabar. Ta ce in ba ta samu ba bana, babu murzuna sai baɗi, kuma sai ta maimaita shekara, abokan karatunta su karɓi takardunsu su bar ta. Na sa ta faɗi wannan sau biyu, na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi.

Damina ta yi kyau. Da hatsi ya fid da kai na zagaya gonakin mutane da famfo kamar kullum, amma kusurwar gabas ta gonata na bar ta ba feshi. Na yi kwana biyu ina juya wannan a raina, ko cin amanar ma'aikata ne, ko cutar da maƙwabta ce, har na rubuta a kaye cewa ni da kaina na bar ta, don in an zo bincike a ga ban ɓoye ba. Babu wanda ya taɓa zuwa bincike. Wanda ya zo shi ne Lawali, taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda gonarsa ke jingine da tawa. Ya tarar da ni a durƙushe ina buɗe zangarniya da tsinke.

"Bawana, me ka yar?"

"Ban yar da komi ba. Tsutsa nake nema."

"To ai ga ta nan ka samu. Ina famfon?"

"Da rai nake son ta."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya cire hularsa ya share goshi.

"Ni dai na sha gaya wa mutane, maganin nan da kake shaƙa shekara da shekaru wata rana zai hau kai. Gaya mini, miya za a yi ko ƙuli-ƙuli?"

Na tsinci sittin, goma na ƙari saboda ko wasu za su mutu. Na ari tsohuwar tukunyar ƙasa ta uwarku, na wanke ta sau biyu. Da na zo zuba su sai na ga gindin tukunyar ya yi tauri, na tuna ba a ɗaure rago a kan busasshiyar ƙasa, sai an zuba masa sabon yashi ya kwanta. Na ɗebo yashi mai laushi daga bayan gari, na tankaɗe shi da rariya, na zuba kamar tsawon yatsa, na jera zangarniyu a kai, na rufe bakin da tsohon gidan sauro. Rakiya ba ta ce a sa yashi ba. Ba ta kuma ce kada a sa ba. Na duba kayen daga baya, babu maganar yashi ko kaɗan.

Ranar Asabar da safe na ɗauki tukunyar zan kai tasha, na ce bari in leƙa su. Ƴaƴana, sai a lokacin na lura da jikinsu. Sirara ne, wasu ko tsinken tsintsiya ya fi su kauri. Na zauna a kan turmi da tukunya a cinyata ina tunani. A Damargu ba a aika wa mutum da ramammiyar dabba. Ko kaza za ka kai wa surukinka sai ka ɗaure ta mako guda ka ba ta tsaki. Babana ya taɓa komawa da rago daga rabin hanyar Belbeji saboda ya lura ƙashin bayansa ya fito. To ni in aika da waɗannan zuwa jami'a, gaban manyan malamai, a buɗe a ce ga abin da uban Rakiya ya aiko? A ce yunwa ake yi a gidansu, ko tsutsarsu ba ta ƙoshi? Kuma na yi lissafi da hankalina cewa in zarurrukan ƙanana ne har ido ba ya gani, to na ƙosasshiyar tsutsa dole su fi kauri, yarinyar ta huta da wahalar nema. Na mayar da tukunyar ɗaki. Na ce mako guda kawai.

Na yi musu turka irin wadda ban taɓa yi wa rago ba. Safe da yamma ina yanko zangarniya mafi kyau, mai ruwan nono, ina cire ta jiya. In rana ta yi zafi in jiƙa buhu in naɗe tukunyar. Na hana shara da ƙarfi kusa da ɗakin. Har na yi shawarar ko in barbaɗa musu ƴar kanwa yadda ake yi wa tumaki, sai uwarku ta ɗauke kanwar ta ɓoye.

"Malam, yarinyar nan Asabar ta ce."

"Ta ce Asabar, ba ta ce wace Asabar ba."

"Ni dai na aure ka shekara talatin, ko ranar da na haihu ba ka jiƙa buhu ka naɗe ni ba."

Rakiya ta kira a waya da yammacin Asabar ɗin, ta ce ta je tasha ba ta ga saƙo ba. Ban yi mata ƙarya ba. Na ce suna nan lafiya, suna ci sosai, akwai ɗan shiri da ya rage. Ta ce, "Baba, don Allah kada su wuce lokaci." Na ce in sha Allahu. Asabar ta biyu ta zo, motar ba ta tashi ba saboda ruwa ya cinye hanya, aka ce sai Talata. Raina ya ɗan yi daɗi ma, don sun yi ɓul-ɓul, suna sheƙi, na ce kwana uku za su ƙara cika ido.

Ranar Talata na buɗe gidan sauro, na ɗaga zangarniya ta farko, babu kowa. Ta biyu, babu kowa. Na zazzage su duka a kan tabarma ina bubbugawa. Tsutsa sittin, ko ɗaya. Na fito tsakar gida ina salati da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo ta kan darni, suna zaton rasuwa aka yi. Na fara da kaji. Na kama zakaran uwarku na matsa maƙoƙonsa ina jin abin da ke ciki, Allah ya yafe mini, bai san komi ba. Na tuhumi ƙadangaru. Na tuhumi uwarku da ido, ban furta ba, amma ta gane, kuma ba ta sake yi mini magana ba ranar nan. Ana cikin haka Lawali ya shigo yana cin gyaɗa, ya ji labari, ya tsuguna ya cusa hannu cikin yashin tukunyar, ya ɗebo ya buɗe tafinsa. Wasu ƴan abubuwa ne ja-ja-ja masu tauri kamar ƙwallon dabino ƙanana.

"Ga dabbobinka nan, bawana. Sun ƙoshi sun shiga ɗaka. Kai da ka yi shekara goma sha huɗu kana yaƙi da ita, ba ka san in ta gama ci ƙasa take shiga ba, sai wata damina?"

Na sani. Wallahi na sani, yana rubuce a shafi na uku na kayena, da hannuna. Amma a gona na san shi, ban taɓa kawo shi cikin tukunya ba.

Na kira Rakiya na faɗa mata komi, har da yashin, har da maganar ramammiyar dabba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce waɗanda suka shiga ƙasa barcin rani suka shiga, komi na jikinsu ya tsaya, babu abin da za ta gani a cikinsu. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ba komi, Baba, Allah ya sa haka ya fi alheri," da wata murya da na san ta tun tana ƙarama, in ta faɗi ta ƙuje gwiwa ba ta son a sani. Na ruga gona, kusurwar gabas ta gama lalacewa, tsutsotsin sun ci sun sauka. Na bi gonakin gari har azahar, duk na riga na feshe su da hannuna, da kyau kuwa. A ranar ne kawai na yi baƙin cikin iya aikina.

Lawali ne ya ce wani Bafillace ya gaya masa ruwan kwarin Tarka ya makara da kusan mako uku, hatsinsu yanzu yake fid da kai. Ya kawo babur ɗinsa washegari da sassafe. Ya ce ba don ni zai je ba, don ɗiyarsa Rakiya ne, kuma don ya ga ƙarshen abin da idonsa, ya samu abin ba da labari. Mun yi rabin yini a cikin yashi, mun faɗi sau biyu. Gonar farko da muka ga tabon murzuna ta wani dattijo ce, Buzu, yana zaune a ƙarƙashin ƙaya yana dafa shayi. Na yi sallama, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce na zo roƙon alfarma ne, ya bar ni in tsinci tsutsa a gonarsa. Ya dubi Lawali. Lawali ya taɓa gefen kansa da yatsa, na gan shi.

"Duka za ka kwashe?" in ji dattijon.

"A'a, kaɗan. Masu matsakaicin jiki."

"Manyan fa?"

"Ba na son manya. Na bar manya har abada."

Ya zuba mana shayi, ya ce in na gama da tasa akwai gonar ƙanensa a gaba, kuma in ina da ƴan'uwa masu irin wannan lalura in kawo su duk shekara. Har rana ta karkata na samu goma sha tara. Na zuba su a robar fenti da na huhhuda wa murfi, babu yashi, ko ƙwaya ɗaya, sai da na busa cikin robar sau uku. Ban yarda da kowane direba ba. Lawali ya kai ni Belbeji, na kwana a gidan wani ɗan'uwansa, da safe na shiga mota da robar a cinyata har Damagaram. Duk inda mota ta tsaya sai in buɗe in ƙirga, har matar da ke kusa da ni ta roƙi yaron mota ya canza mata wuri.

Goma sha shida suka isa da rai. Rakiya ta karɓe su a ƙofar ɗakin bincike, sanye da farar riga kamar likita, ta buɗe ta duba, ta ce, "Yauwa, irin waɗannan." Siraran nan, waɗanda da kunya ta hana ni aikowa. Ta ce in je masauki in huta, na ce a nan zan zauna. Na kwana biyu ina zuwa ina zama a kan benci a baranda tun safe har a tashi, ina jan carbi. Ta fito ta ce bakwai ne maza. Ta sake fitowa ta ce na farko da na biyu ba su nuna komi ba. Na lissafa saura biyar, na ci gaba da jan carbi. A rana ta biyu wajen la'asar ta fito da gudu, mayafinta a hannu, ta kama hannuna a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta girma.

"Baba, zo ka gani! Sun fito!"

Ta shigar da ni, na cire takalma a bakin ƙofa ko da yake ta ce ba sai na cire ba. Malaminta yana tsaye, dogon mutum mai furfura, ya ba ni hannu biyu ya ce ya ji irin tafiyar da na yi. Ta zaunar da ni gaban mikroskop, madubin nan mai ƙara girman abu, ta ce in sa ido a nan. Ta ce zan ga wasu ƴan ɗige-ɗige sun taru wuri ɗaya, gajeru, babu mai ƙugu a cikinsu, ta ƙirga su har sau uku. Na sa ido. Ta murɗa wani abu a gefe ta ce, "Yanzu fa?" Na ce, "Allahu akbar," wanda gaskiya ne a kowane hali. Ta sake murɗawa. Na ce, "Ikon Allah." Sai ta sunkuyo kusa da kunnena, malaminta yana kallonmu, ta tambaye ni kai tsaye.

"Ka gan su, Baba?"

Na ce, "Na gan su."

Ta ci jarrabawarta a shekarar tare da abokanta, kun ga hoton a ɗakin uwarku. Kusurwar gabas ta ba ni dami huɗu inda take ba da ashirin, sunan da Lawali ya raɗa mini kuwa ya bi ni har yau, duk na yafe. Abu ɗaya ne ban gyara ba, kuma shekaru suna tafiya. Rakiya, na san ke za ki fara karanta wannan, don ke za ki gyara mini rubutu. Ranar nan ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Wani farin haske na gani, da gashin idona, manya-manya kamar karan dawa, suna motsi. Ki yafe mini. In kin zo hutu ki zo da hotonsu a takarda, babba, ni kuma na sayi tabarau.